Baffa ya yanka mini fadan biyu, ni kuwa ashirin nake hange

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 29, ina da mata da 'ya ɗaya. A Umdurman ta ƙasar Sudan aka haife ni, gyaran waya nake yi a kasuwa har yaƙi ya tashe mu a 2023. Mun yi zaman haya a cikin garin Gadarif har abin hannuna ya ƙare, sai ƙanen mahaifina ya aiko mu komo ƙauye wajensa, kusa da kogin Rahad. Mun iso ana ƙarasa yankan dawa. Ban taɓa riƙe fartanya ba sai bana.

Tun da bazara ta kama ban san hutu ba. Ana idar da sallar asuba Baffa zai buga mini ƙofa. Yau tumɓuke kututturen dawa, gobe saran ƙaya, jibi kai taki a keken jaki, ga ɗebo ruwa daga hafir, tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, wanda ya kusa ƙafewa. Tafin hannuna duk ya farfashe, 'ya'yan Baffa suna ce mini ɗan birni suna dariya. Ba a ba ni ko sisi, ba a kuma ce ga rabona in kaka ta yi ba. Abinci dai muna ci, ba zan ɓoye alherinsa ba.

Yayata da ke aure a Jidda ta turo mini kuɗi in kama sana'a. Na yi lissafin in kama hayar gona fadan 20 (fadan shi ne ma'aunin fili a nan) in shuka riɗi, wani ɗan kasuwa kuma ya ce zai cika mini kuɗin tarakta da na 'yan ƙwadago ta hanyar bashin da ake kira shel, in biya shi da riɗi ranar kaka. Da na faɗa wa Baffa sai ya ce sam, fadan biyu zai yanka mini a gefen gonarsa in sa dawa, in san ƙasa tukuna. Abin ya yi mini ciwo, domin gonar ta kakanmu ce, mahaifina kuma ya rasu ne bayan kakan, ba a kuma taɓa raba gado ba. Matata kullum maganarta mutane sun fara komawa Umdurman, mu ma mu tafi. Malam, in yi gaban kaina, in bi Baffa, ko in tattara in koma?

Ɗanku, daga jihar Gadarif

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina da ta raba mutane da gidajensu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma tausaya maka ƙwarai. Yatsun da suka saba da ƙananan ƙusoshin waya yau an miƙa musu gatari a ranar watan Afrilu ta Gadarif, wadda zafinta kan haura digiri 40. Duk wanda ya ce maka abin da sauƙi bai taɓa yi ba.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. A maganar fadan ashirin da riɗi da shel, ina bayan Baffanka. A maganar ka yi ta aiki ba a faɗa maka rabonka ba, ina bayanka. Maganganu biyu ne da ɓacin rai ya cakuɗa maka su wuri guda, don haka bari mu warware su.

Na san abin da ya ja hankalinka ga riɗi. Duk wanda ya leƙa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya ji kuɗin kintari ɗaya, ma'aunin da ake sayar da riɗi da shi, ya ninka da fadan ashirin a ransa, sai ya ga kamar arziki na kiransa. Amma riɗi ba ya yafe wa ɗan koyo. Ƙasarku baƙar laka ce, wadda yanzu ta daddare har ƙafa kan shige cikin tsagarta. In ruwa ya sauka sai ta kumbura ta rufe, ta riƙe ruwa a bisanta, riɗi kuwa ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa, 'yan kwanaki sun isa ya yi rawaya ya mutu. Baffa ya san kowane kwari da kowane tudu na gonarsa domin ya ga damina ashirin ko talatin a kanta. Kai gonar hayar da za a nuna maka da rani za ka gan ta shimfiɗe sumul, ba za ka san inda tafki ke kwanciya ba sai a watan Agusta, lokacin da sanin ba zai amfane ka ba. Mai gona ma ba kasafai yake ba da mafi kyawun gonarsa haya ba.

Sai maganar tarakta. Tun tsakiyar shekarun 1940 da aka fara noman inji a Gadambaliya, noman yankinku ya ginu ne a kan manyan gonaki masu fadan dubu, kuma mai tarakta nasa yake fara yi, sannan na manyan abokan hulɗarsa, sannan ya waiwayi ƙanana. Lakar nan kuma taga ce ƙarama take buɗe wa manomi: kafin ruwa ta yi tauri kamar dutse, ruwa ya yi yawa ta kama taya ba shiga. Baƙo mai fadan ashirin shi ne na ƙarshe a layi, riɗin da aka shuka a makare kuwa ya riga ya yi asarar wani kaso na albarkarsa. In ma Allah ya sa ya yi, wahalar tana gaba. Kwanson riɗi in ya nuna ya bushe, buɗe baki yake yi ya zubar da tsabarsa ƙasa. Dole a yanke shi cikin 'yan kwanaki, a ɗaɗɗaure a jingine shi tsaye, kuma a daidai makon nan kowa a jihar ke neman masu yanka, har da ma'aikatan da ke tsallakowa daga Habasha, kuɗin ƙwadago ya yi tashin gwauron zabo. Ina yaro na ga wani maƙwabcinmu zaune a bakin gonarsa ya dafe kai, riɗinsa ya yi kyau har ana zuwa kallo, ya rasa hannun da zai yanke masa, tururuwa da tsuntsaye suka kwashe abin da ya zube. Har yau ina ganin fuskar mutumin nan.

Shel kuwa ka san yadda yake. Ɗan kasuwa zai ba ka kuɗi yanzu, lokacin da kake cikin buƙata, ya yanke wa riɗinka farashi ƙasa da abin da zai yi a kasuwa. In damina ta yi kyau shi ya ci ribar, in ta ɓaci bashin yana wuyanka. Ga darajar fam, kuɗin Sudan, da ke zubewa tun da aka fara yaƙi, farashin da aka yanke a Mayu zai zama abin kuka a Oktoba. Shel kama yake da cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, kuma asalin wannan ciniki halal ne. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ya sharɗanta a san mudu, a san awo, a san ajali, Bankin Noma na Sudan ma da wannan sigar yake ba manoma bashi. Sai dai halaccin ciniki bai sa ya zama alheri ga kowa a kowane lokaci ba. Wanda bai taɓa ganin damina ɗaya daga shuka zuwa sussuka ba bai san yawan abin da zai iya alkawartawa ba. In ka gaza, kuɗin Yayarka sun tafi, sunanka ya ɓaci a ƙauyen da kake baƙo, kuma Baffan nan da ka ƙi jin maganarsa shi za a zo a tsaya wa a ƙofar gida. Ina kyautata zaton wannan ya hango da ya ce maka sam.

Yanzu aikin da kake gani kamar bauta. Na lura a wasiƙarka ka jera shi kamar jerin hukunci, ni kuwa da na karanta sai na ga darasi ne ake ba ka, illa dai malamin ba mai bayani ba ne. Tsofaffinmu da yawa haka suke, da hannu suke koyarwa. Kututturen dawa da kake tumɓukewa, a cikin karan ne tsutsar da ke huda dawa ke laɓewa ta wuce rani ta jira sabuwar shuka. Takin da kake kaiwa yanzu, rana za ta gasa shi, ruwan farko ya tura shi cikin tsagar ƙasa, ya huce kafin iri ya same shi. In aka bari sai damina, keken jakin ma ba zai shiga lakar ba. Ƙayar da ka sare ita ce shingen da zai hana awaki shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya, manomin da ya kwanta da bazara a watan Yuli ake gane shi. Abin da nake so ka ƙara shi ne tambaya. Kada ka tambaya da muryar mai ƙorafi. In kun zauna shan ruwa a gindin bishiya ka ce, Baffa, me ya sa muka zuba taki a nan ba mu zuba can ba? Ina ruwa yake bi in ya sauka? Wane gefe ne ƙuduji ya fi ci bara? Tsoho ba abin da ke buɗe bakinsa kamar a tambaye shi abin da ya sani.

Ka karɓi fadan biyun nan da hannu biyu. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, biyu sun kai 8,400. Ranar da ciyawa ta taso a noman firi, kana duƙe kai kaɗai, za ka san ba ƙaramar gona aka ba ka ba. Dawa ta fi riɗi haƙuri da kuskure, kuma abinci ce. Ko kasuwa ta faɗi, 'yarka za ta ci tuwon asida. Ka nemi shawarar Baffa a kan iri, ko feterita da suka saba da ita, ko irin su Wad Ahmad da Arfa Gadamak, shi ya san wanda ya dace da ruwan wajenku. Amma ga wani abu da za ka iya yi tun wannan makon. Ƙirga ƙwaya ɗari daga irin da za ka shuka, ka shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumman buhu, ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai tamanin ko fiye, irinka lafiya lau. In sun gaza sosai, ka sake iri tun da sauran lokaci. Ka kuma sayi maganin wanke iri saboda burtuntuna, kuɗinsa kaɗan ne, sai dai ka sa leda a hannu, ka nisanta shi daga yarinya da kwanon abinci. In zuciyarka ta nace a kan riɗi, ka roƙi Baffa ka ware rubu'in fadan a wuri mai ɗan tudu ka gwada. Abin da za ka koya a wannan ɗan yankin ya fi abin da zan rubuta maka.

Kada yayyafin farko da mutanen nan ke kira rushash ya ruɗe ka ka ruga shuka. Sau da yawa yakan sauko ya ɗauke, iri ya tsira ya ƙone. Ka zuba wa Baffa ido, in ya ɗauki salluka, sandar shukar nan, kai ma ka ɗauka. Ƙuduji kuma, wanda ake ce wa buda a nan, in ka gan shi ka cire shi kafin ya yi furensa mai kyau ɗin nan, ka fitar da shi daga gonar ka ƙone. Tushe ɗaya kan zubar da dubban 'ya'ya, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran dawa.

Kana da abin da 'ya'yan Baffa ba su da shi, kada ka raina shi. Ka saba da lissafi da rubutu. Samu ɗan littafi ka rubuta ranar kowane ruwa, ranar shuka, abin da ka kashe, kwanakin da ka yi a kowane aiki. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki da ka kafa a fili da ɗan ma'auni sun isa su faɗa maka milimita nawa aka yi a dare. Gyaran wayar ma bai mutu ba. Ko wane ƙauye yanzu cike yake da wayoyi masu fasasshen gilashi da mataccen wurin caji, mutane kuma da su suke karɓar kuɗi daga 'yan'uwa na nesa. Ka ɗebi wani kaso daga kuɗin Jidda ka sayi kayan gyara da ƙaramin faifan sola, ka riƙa kafa tebur ranar kasuwa. Wannan ne zai ba ka kuɗin sabulu da sukari ba tare da ka miƙa wa kowa hannu ba. Sauran ka adana don watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ciyawa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, zazzaɓi kuma ya yi yawa. Ka kuma kira Yayarka ka tambaye ta a fili: kyauta ce, rance ne, ko jari ne da take sa ran riba? Mai aure a ƙasar wani ba daga sama take tsinto riyal ba, ta cancanci ta san inda guminta ya shiga.

To, ga inda kake da gaskiya. Tsarin gandu da kakanninmu suka zo da shi daga ƙasar Hausa, tun masu bin hanyar hajji da ƙafa har waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, bai taɓa zama aikin banza ba. Ɗa yana yi wa gandu aiki, maigida kuma ya ciyar da shi, ya ba shi kayan aiki, ya yanka masa gayauna, ya bar masa ranakun da zai yi ta kansa. Baffa ya cika rabi, ya ciyar da ku ku uku a wannan tsadar, ya kuma yi maka tayin gayauna. Abin da ya rage shi ne a faɗi sauran da baki. Mai yiwuwa a ransa ya riga ya ware maka buhunanka, yana ganin furtawa ma raini ne tsakanin uba da ɗa. Amma kai magidanci ne, mai iyali ba ya kwana a kan zato.

Ka same shi bayan isha'i, shi kaɗai, ba a gaban 'ya'yansa ba. Ka riƙe ɗan sukari da gahawa a hannu. Ka fara da godiya, ta gaske, ka ambaci abin da ya yi muku ɗaya bayan ɗaya. Ka ce ka janye maganar haya da shel, ka karɓi fadan biyun. Wannan kaɗai zai sanyaya masa rai. Sannan ka ce, Baffa, ina so in san yadda zan tsara kaina: waɗanne ranaku ne nawa a mako don gonata da kasuwa, in tarakta ta zo yi maka za a haɗa da nawa in biya kasona, kuma in Allah ya kai mu kaka me zan sa rai da shi daga gandu don in san abin da zan faɗa wa iyalina? Ba rashin kunya ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya bar wa mutanen Khaibara gonaki, a kan rabin amfani aka yi, an faɗa an sani. In kana jin nauyin bakinka, ka nemi wata gwaggo ko limamin unguwa su share maka hanya. In kuwa ka yi duk wannan ya ƙi faɗin komai, har kaka ta wuce ba ka ga ko buhu ba, to baɗi kana da hujjar neman wani manomi ku yi noman raba-daidai a rubuce da shaidu, ba tare da ka yanke gaisuwa da Baffanka ba.

Maganar gado kada ka haɗa ta da wannan zaman. Haƙƙi ne, ban ce ka yafe ba, kuma ba naka kai kaɗai ba ne, Yayarka da duk wanda ya gaji mahaifinku suna ciki. Amma in ka tayar da ita yanzu, kana cin tuwon gidansa, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, abin da zai ji shi ne ka zo ƙwace gona. Bari a kai amfani gida. A lokacin an ga guminka a ƙasar, sai a tara dattawan dangi da malamin da ya san rabon gado a zauna cikin natsuwa. Kafin nan ka yi shawara da 'yan'uwanka don bakinku ya zama ɗaya.

'Ya'yan Baffa kuwa, ka yi dariyar tare da su, ka ce su nuna maka yadda ake wasa gatari. Ranar da aka kira gayya, nafir ɗin nan, ka riga kowa isa. Sunan ɗan birni ba zai wuce damina ɗaya ba.

Matarka ce na fi so ka ba lokaci. Kai kana fita gona kana ganin mutane, ita tana cikin gidan da ba nata ba, tana girki a murhun wasu, ta bar danginta da maƙwabtanta da ɗakinta. In ta ce a koma, kewa ce ke magana, kuma kewar tana da dalili. Kada ka ce mata ta yi haƙuri kawai ka juya baya. Ku yanka wa zaman nan wa'adi tare: mu ga wannan damina, in an sussuka dawa mu zauna mu duba. Kafin nan ka sa wani amintacce ya je ya duba muku gidan da kasuwar, ya faɗa muku gaskiyar ruwa da wuta da tsaro da asibiti a unguwarku, don ku yanke shawara a kan abin da ido ya gani. In ya kama ka je da kanka, ka je kai kaɗai bayan kaka, da buhunan dawarka a ajiye. In tana so, ka nema mata ɗan fili a bayan gida ta sa kuɓewa da wake da yakuwa, busasshiyar kuɓewa ba ta kwantai a kasuwar Sudan. In kuma tana da wata sana'ar hannu tun daga birni, kaso daga jarin nan ita ma haƙƙinta ne ka duba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan rufe wasiƙar nan ban faɗa ba, tunda ka ce kusa da Rahad kuke. Yankinku yana cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi kamari a Sudan. Wani ɗan ƙuda ne ƙarami, bai kai sauro ba, yake yaɗa ta, yana zama a tsagar baƙar ƙasa da wajen itatuwan dushe da aduwa, kuma daidai wannan lokaci na bazara, daga Maris zuwa saukar ruwa, ya fi cizo, daga magariba zuwa dare. Baƙi irinku da ƙananan yara sun fi saurin kamuwa. Na san zafi ke koro ku waje ku kwana, to ku kwana a kan gado cikin gidan sauro mai magani, 'yar nan musamman, kada a shimfiɗa mata a ƙasa. Cutar takan ɗauki watanni kafin ta bayyana. Duk wanda zazzaɓi ya wuce masa mako biyu, an sha maganin maleriya bai sauka ba, yana ramewa ko cikinsa na kumbura ta hagu, a kai shi asibiti a ce a gwada kala-azar. Tana da magani, sakaci ne ke sa ta kisa. Kai kuma ka roƙi Baffa a riƙa tashi daga aiki in hantsi ya yi zafi, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, ka naɗe tafin hannunka da tsumma har kanta ta fito, kuma kada ka cusa hannu cikin tarin kara sai ka buga shi da sanda, saboda kunama da maciji.

Ka gaishe mini da Baffa da mai ɗakinka. In ka buɗe tsumman nan bayan mako guda, ka rubuto ka faɗa mini ƙwaya nawa suka tsira cikin ɗarin, da abin da Baffa ya ce a zaman bayan isha'i.